Alhaji A-Rufe da Kifin Maraya

Duk wanda ya taɓa shan shayi da Kawu Sabo a unguwar Al Sabkha ta Dubai ya san ba a ajiye kofi a gabansa a kau da kai. Kafin ka gama amsa waya ya kifa masa ɗan faranti. In babu faranti ya ɗora katin shagonsa, in babu kati ya ɗora tafin hannunsa, ya zauna yana jiran ka. Ka juyo kana neman shayinka, ya dube ka kamar wanda ya kama ka da laifi, ya ce, "A rufe, Alhaji. A rufe!" Tukunya, bokiti, kwalbar turare, jakar baƙon da bai taɓa gani ba, duk ɗaya ne a wurinsa. An ce wata Juma'a a masallacin unguwar Karama ya fita daga sahu ana shirin tayar da salla don ya hango galan ɗin ruwan sha a buɗe. Ban gani da idona ba, amma ko kaɗan ban musa ba. Daga nan ne sunan Alhaji A-Rufe ya bi shi, har wasu ƙananan 'yan kasuwa suka ɗauka sunan gidansu ne.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kira na da komai ba sai Uwata. Na zo Dubai a 2016 don aiki a wani kantin magani, na sauka a gidan hayarsu na Karama, hawa na uku, tare da shi da matarsa Hajiya Kulu. Yawancinku kun san ɗabi'ar nan tasa, amma na lura ba kowa ya san inda ta samo asali ba. Wasu sun ce tsafta ce, wasu sun ce tsufa ne. Hajiya kuwa, wadda ta fi kowa saninsa, cewa take yi kafin shekarar da na zo Kawu mutum ne da ke barin ƙofar mota a buɗe ya shiga banki. Kifi ne ya mai da shi haka.

Akwai wani maƙwabcinsa a unguwar Ras Al Khor, ɗan Indunusiya, sunansa Yusuf. Shagonsu jikin juna, dukansu kayan gyaran mota suke sayarwa. Shekara da shekaru suna cin abincin rana a tire ɗaya, suna hira da wani irin Larabci da babu Balaraben da zai gane shi. Watanni kaɗan bayan zuwana rashin lafiya ta kama Malam Yusuf, ya ce zai je gida a duba shi. Ana gobe zai tafi sai ga shi a ƙofarmu da 'yan dako, suna nishi, suna ɗauke da wani akwatin gilashi da ya kusa kai tsawon doguwar kujera. Bayan an girka shi a falo an cika da ruwa, aka saki abin da ke cikin wata babbar roba. Kifi ne dogo, ja-ja mai ruwan zinare, ɓawon jikinsa manya-manya, bakinsa a ɗage sama, ga wasu gashin baki biyu a leɓensa na ƙasa. Arowana ake ce masa. Yana tafiya a hankali, yana juyawa a hankali, bai kalli kowa ba.

Malam Yusuf ya kama hannun Kawu da hannu biyu. "Amana, Alhaji. Wata ɗaya, wata biyu, in sha Allah na dawo." Sai ya nuna kifin, ya harba hannunsa sama ya sauke shi ƙasa, ya girgiza kai. Ma'ana abin yana tsalle.

Kawu ya yi dariya. "Habibi, abokina, kifi ne fa, ba akuya ba. Je ka abinka."

Hajiya ta leƙo daga kicin ta ƙare wa baƙon kallo. "Wannan ji da kai haka? Sannu da zuwa, Ranka-ya-daɗe." Sunan da ya bi kifin ke nan har yau.

Ba a jima ba Babbar Salla ta zo. An sauko daga Idi, falo ya cika da mutanenmu, ga nama, ga waina, ga Kawu cikin sabuwar babbar riga ta shadda fara sol da aka ɗinko masa daga Kano. Cikin baƙin akwai Alhaji Garba mai kago, wato jigilar kaya a kwantena, wanda kun san shi, ba ya iya ganin abu bai taɓa ba. Ya tashi ya nufi akwatin, ya ɗaga ɗan murfin roban da ke kai, ya leƙa.

"Kai! Sabo, wannan ai farfesun mutum goma ne. A samu citta da attaruhu..."

Bai rufe baki ba wani ƙuda da ya biyo ƙamshin nama ya gifta ta saman ruwan. Wallahi ban ga tashin kifin ba, ƙarar faɗuwarsa kawai na ji. Sai ga Ranka-ya-daɗe a kan kafet, dab da tiren nama, yana bugun ƙasa da wutsiya. Mata suka yi ihu, wani ya hau kujera, Alhaji Garba ya tsaya da murfi a hannu baki buɗe. Kawu bai yi wata-wata ba, ya tuɓe babbar rigar nan, ya tsoma ta cikin ruwan akwatin, ya lulluɓe kifin da ita, ya sungume shi ya mayar. Kifin ya kwanta a gefe ɗaya kamar ya gama. Kawu ya zura hannu har kafaɗa ya tallafe shi a gaban injin da ke feso ruwa, yana ta salati, ba ya ko ƙiftawa. Can sai wutsiyar ta motsa, kifin ya zame daga hannunsa ya ci gaba da yawonsa kamar ba a yi komai ba.

Kawu ya juyo, daga shi sai singileti da wando, hula a karkace, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Garba."

"Na'am, Alhaji."

"Ka ga kujerar can ta bakin ƙofa? Daga yau iyakarka ke nan a gidan nan."

Kuma haka aka yi. Shekara biyar Alhaji Garba yana zuwa gidanmu, a wannan kujerar yake ci, a nan yake sha, a nan yake kawo labarin kwantena. In ya ɗan miƙe don ya karɓi barkono, Kawu ya yi gyaran murya, ya koma ya zauna.

Washegarin Salla Kawu ya kawo wani mai walda ɗan Pakistan ya auna akwatin, aka ƙera masa murfi na ragar ƙarfe. Bai gamsu ba, ya ɗauko faifan birki guda biyu na babbar jif daga shagonsa ya ɗora a kai, ɗaya a kowane gefe. Inda bututun injin ya ratsa ya bar 'yar kafa, ya cusa soso. Aka yi wata 'yar taga a jikin ragar don zuba abinci, ya sa mata kwaɗo, makullin ya ɗaura a jikin carbinsa. Ya rage ruwan da faɗin tafin hannu, wai ko abin ya yi yunƙuri kada ya daki ƙarfe da ƙarfi. Sannan aka kafa dokoki. Ba a kunna fitilar falo kai tsaye, sai an fara kunna ta baranda, a jira shwaiya, wato kaɗan, don haske kwatsam yana firgita shi. Ba a buga ƙofa. Ba a wucewa ta gabansa da gudu. Ba a fesa maganin sauro a falo, domin yana sauka a ruwa, saboda haka duk ƙudan da ya yi kuskuren shigowa Kawu ne ke bin sa da hula daga bango zuwa bango.

Wata rana ina kallon wani abin dariya a waya na ƙyalƙyale. Ya leƙo daga ɗaki.

"Uwata, in dariyar ta zama dole, akwai baranda."

"Kawu, yanzu saboda kifi ba za a yi dariya a gidan nan ba?"

"A yi. Amma a yi ta a rufe."

Wata biyun Malam Yusuf ya zama shida, shida ya zama shekara. Duk Juma'a Kawu yana kiran sa ta bidiyo, ya juya wayar ya nuna masa kifin, su yi Larabcinsu. Muna ganin mutumin yana ramewa. A ƙarshen 2017 babbar 'yarsa ta kira, ni na amsa don na fi jin Turanci, ta ce baban ya cika. Na gaya wa Kawu. Ya ce innalillahi, ya je ya zauna a gaban akwatin har aka kira la'asar.

Bayan 'yan kwanaki suka sake kira, matar marigayin da 'ya'yansa mata biyu, suka ce sun gode, kifin kuma sun bar wa Alhaji, kada a sayar, domin marigayin yana son sa ya zauna a hannun wanda ya yarda da shi. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, sai a nemi wanda zai riƙe shi. Kawu ya ce a gayyato Malam Nuhu cin abinci. Malam Nuhu, ga waɗanda ba su san shi ba, wani malami ne ɗan Zariya da ke koyarwa a Sharjah, shi muke kai wa tambayoyinmu na addini.

Ana gama cin tuwo Kawu ya gyara zama.

"Malam, mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da ɗa namiji ɗaya. Matar tumuni ko?"

"Tumuni, ɗaya bisa takwas."

"To ga gadon can yana iyo. Ina tumuninsa? Ta kai ake farawa ko ta wutsiya?"

Malam ya yi dariya har da tari. Da ya ga Kawu ko murmushi bai yi ba, sai ya shanye ta.

"Alhaji, ai na ji an ce sun bar maka. Khalas, shi ke nan."

"Uwar ta bar mini. 'Yan matan sun bar mini, manya ne, suna da iko. Yaron fa? Nawa ne rabonsa?"

Malam ya ɗan lissafa da yatsu. "Ya kusa rabi."

"Shekarunsa goma sha huɗu. Yaro yana kyauta da dukiyarsa kafin ya mallaki hankalinsa?"

"A'a, ba ya yi."

"Uwarsa tana kyauta da ita a madadinsa?"

Malam ya shafa gemu. "To, a ƙiyasta rabon nasa, ka aika masa, ka huta."

"Ni mai saye, ni mai yanka farashi, a kan kayan maraya? Malam, kai za ka tsaya mini ranar da za a tambaye ni?"

Malam ya ce ai balaga tana da alamomi, ba lallai sai an jira shekara goma sha takwas ba. Kawu ya ce shi ba ya ganin alamomi ta waya, kuma a zauren da ya yi karatu sha takwas aka ce masa. Zai riƙe kifin har yaron ya kai, ya faɗa da bakinsa abin da yake so a yi. Da Malam ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ce wa Hajiya, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Na daɗe ina raba gado, gonaki, shanu, gidaje, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ke buƙatar canjin ruwa ba."

Mun yi dariya a ranar, a baranda. Ba mu san abin da maganar za ta ci ba.

Domin a lokacin Kawu yana gina gida a Hotoro. Shi ne burinsa tun da ya zo ƙasar nan yana saurayi: ya gama, ya rufe shago, ya koma Kano ya zauna a ƙofar gidansa ana gaishe shi. A 2019 aka gama ginin. Hajiya da kanta ta zaɓi tayil da labule, Alhaji Garba ya loda su a kwantena. Ta je ta ga gidan ta dawo tana ta ba mu labarin bishiyar mangwaron da 'ya'yansu suka dasa a tsakar gida. 'Ya'yan suna kira kullum: Baba, yaushe? Shi kuma amsarsa ɗaya ce, sai Rizki ya kai. Rizki shi ne yaron.

An kawo shawara babu irin wadda ba a kawo ba. Aka ce a aika wa yaron kayansa, aka tarar kifi mai wannan girman sai da takardu da tanadi, kuma babu mai ba ka tabbacin zai sauka da rai. Aka ce a tafi da shi Kano, Kawu ya ce randa aka ɗauke wuta injin ya tsaya, wa zai yi wa kifin fifita? Alhaji Garba daga kujerarsa ta bakin ƙofa ya ce shi yana da hanya, a sa shi a kula da ƙanƙara, kwana ɗaya ya isa.

"Ƙanƙara," in ji Kawu. "Wato har yanzu farfesun nan bai fita daga ranka ba."

Ni kuma na ce a bar mini shi. Ai ina nan, aikina yana nan, na san dokokin duka, har ƙuda na iya kamawa da ɗankwali. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Uwata, hannuna Yusuf ya kama. Ba naki ya kama ba." Gaskiya a lokacin haushinsa na ji, sosai. Ina ganin Hajiya tana ninke zannuwan da ta saya don sabon gida tana mayar da su cikin akwati. Na ce a raina wannan ba tsoron Allah ba ne, taurin kai ne ya samu rigar malamai.

Wata Juma'a da rana muna canza ruwa, ni ina riƙe da tiyo, shi yana goge gilashi, na kasa haƙuri na faɗa masa haka, da ɗan ladabi. Bai yi fushi ba. Ya ci gaba da gugarsa, can ya ce:

"Kin san me ya sa yake tsalle? Ba iskanci ba ne. A ƙasarsu a kogi yake, ƙarƙashin itatuwa. In ya hango ƙwaro a reshe sai ya tashi ya cafke, ya faɗo cikin ruwa, don ko ta ina ruwa ne. Nan ma abin da ya sani yake yi. Bai san an canza masa duniya ba, bai san gefe tayil ne ba. To wanda ya sani shi ke da alhakin rufewa."

Na ce na ji, amma wannan bai hana wani ya rufe ba.

Ya ajiye soson. Ya ce shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, mai sunana, labarin ya riske shi a shago da rana tsaka. Ya fita a gigice ya nufi filin jirgi, ko ƙofar shagon bai ja ba. Ya yi wajen wata biyu a Kano. Da ya dawo ya tarar Malam Yusuf ne ke buɗe masa shago kullum yana rufewa, yana gudu tsakanin nasa da na Kawu, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓace ba. Kuma mutumin bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

"Shi bai ce a nemo wani ba, Uwata. Ɗaga tiyon, kina zubar da ruwa a kafet."

Ban sake yi masa maganar ba. Ban ce na yarda da shi duka ba, har yanzu in na tuna zannuwan Hajiya raina yana sosuwa. Amma na daina ganin abin a matsayin wasa.

Kiran Juma'a bai tsaya ba, sai dai ya koma kan Rizki, ni ce tafinta. Kawu ya nuna masa kifin daga kai har wutsiya, ya nuna masa murfi da faifan birki, sannan ya shiga yi masa tambayoyi don ya gwada hankalinsa. Kana salla? Kana taya uwarka aiki? In an ba ka kifi mai tsada me za ka yi da shi? Yaron yana dariya yana amsawa. A gabanmu muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro masa. Na ce, "Kawu, dubi, ai ya girma." Ya ce, "Kifin ma yana da gashin baki."

Lokacin kullen annoba mu uku muka zauna a gida da Ranka-ya-daɗe, ba shiga ba fita. A nan ne na kama Hajiya, wadda ta yi shekaru tana hararar sa, tsaye a gaban gilashi tana ɓare masa jatan lande tana zura masa ta ragar, tana cewa, "Ci, ci, kai ma ai ba ka ga gida ba." Da ta gan ni ta ce in na gaya wa Alhaji ba ni ba ita.

A 2021, saura kaɗan Rizki ya cika sha takwas, Kawu ya yanke jiki ya faɗi a shago. Zuciya ce. Aka kwantar da shi a asibiti. Ranar da na fara samun shiga wurinsa, abin da ya fara yi shi ne ya kwance makullin nan daga jikin carbinsa ya miƙo mini. Tun da aka ƙera kwaɗon ban taɓa riƙe makullin ba sai ranar.

"Aro ne," in ji shi. "Ki fara kunna ta baranda."

Ranar da yaron ya cika sha takwas, Kawu ya ce a kira shi a gaban shaidu biyu. Malam Nuhu ya shigo ta waya, Alhaji Garba kuma ya zo da kansa. Ya shiga ɗakin asibitin ya duba, ya ja kujera ya kai bakin ƙofa ya zauna, ba wanda ya ce masa. Na riƙe wayar a gaban fuskar Kawu. Rizki ya fito sanye da hula, uwarsa da yayyensa a bayansa. Ya ce shi Rizki ɗan Yusuf, da hankalinsa, ya ba Alhaji Sabo rabonsa na kifin, kyauta don Allah.

Kawu ya ce mini, "Tambaye shi, ba wanda ya tilasta masa?"

Rizki ya ce babu.

"Ya san abin yana da daraja? Ya san zai iya cewa a sayar a ba shi?"

Ya sani. Ya ƙara da cewa babansa ya taɓa gaya masa in yana son ya ga mutumin kirki, akwai wani a Dubai.

Na fassara wannan da ƙyar. Kawu ya rufe ido, hawaye suna bin gefen fuskarsa zuwa kunne. "Malam, ka ji? Garba, ka ji?" Suka ce sun ji, sun shaida. Ya sauke numfashi mai tsawo. "Alhamdu lillahi. Na sauke." Sai ya juya wajen Hajiya da ke zaune a gefen gado. "Kulu, fito da zannuwanki. Ina fita daga nan, yalla, mu tafi, sai Hotoro." Har ya ce mini in fara duba tikiti, maganar wanda zai riƙe kifin kuma a bari sai ya dawo gida. Kafin mu fita ya miƙa hannu ya ɗora murfi a kan kofin ruwan da ke kan durowa.

Bai fita ba. Kafin makon ya ƙare Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a nan Dubai. Gidan Hotoro ko kwana ɗaya bai yi a cikinsa ba.

Hajiya ta yi takabarta a falon nan, ita da Ranka-ya-daɗe. Da ta fita aka zo rabon gado, Malam Nuhu yana karanto abin da marigayi ya bari, ya kai kan kifi ya tsaya, ya cire tabarau. Kyauta ta tabbata kafin rasuwa, saboda haka kifin ya sake zama gado. 'Ya'yan Kawu daga Kano suka ce ta waya sun bar mini. Malam ya yi saurin tambaya, "Don Allah, babu ƙarami a cikinku ko?" Aka ce duk manya ne. Ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Sai Hajiya ta gyara mayafi.

"Ni tumunina ban bar wa kowa ba."

"Hajiya..."

"Ban bari ba, Malam. Wutsiyar tawa ce. Duk Juma'a a nuna mini ita."

Haka kuwa ake yi. Tana Hotoro yanzu, ƙarƙashin mangwaronta. Duk Juma'a ina kiran ta in juya waya, ta duba wutsiyarta, sannan ta ce in ɗaga sama ta ga murfin.

Akwai abu ɗaya da ban gani ba, don mu mata ba mu je maƙabarta ba, Malam Nuhu ne ya ba mu labari daga baya. Mutane kaɗan aka bari suka shiga saboda dokar annoba ta lokacin. An sa shi a makwancinsa, ana jera bulo a kai kafin a tura ƙasa, masu aikin suna sauri don rana ta yi zafi. Alhaji Garba yana tsaye can baya, kamar yadda ya saba. Sai ya hango wata 'yar kafa tsakanin bulo biyu. Malam ya ce bai san lokacin da mutumin ya ratso mutane ya zo gaba ba, ya durƙusa a bakin kabarin, ya nuna da yatsa, ya ce, "A rufe nan." Duk wanda ke wurin ya san maganar wa ke nan. Wasu suka fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Garba ya ɗebo laka da hannunsa ya toshe kafar, ya shafe ta sumul, ya daɗe a durƙushe bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sabo, ya jiƙan abokinsa Malam Yusuf, ya haɗa su a inuwa ɗaya. Yadda ya tsare kayan maraya har ya miƙa, Allah ya tsare masa nasa 'ya'yan. Gidan da bai samu kwana a cikinsa ba, Allah ya musanya masa da wanda ya fi shi, ya lulluɓe shi da rahama ta ko'ina, ba tare da kafa ko ɗaya ba. Amin.